Yadda ake tayar da tsohuwar Honda CG 125 da ta daɗe a jingine

A gidaje da yawa na Garwa da Marwa da Ngaundare, a arewacin Kamaru, akwai tsohon babur a jingine, a lungun zaure ko bayan ɗakin girki, an lulluɓe shi da buhu, kaji na kwana a kan sirdinsa. Na mahaifi ne, ko na kawu, wanda ya saya lokacin da kuɗin auduga da gyaɗa ke da albarka. Da shi aka kai yara makaranta, da shi aka ci kasuwar Pitowa ranar Lahadi, da shi aka kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Akwai Mobylette, akwai Peugeot 103, akwai Suzuki mai hayaƙi, akwai Yamaha da Honda. Da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994 sai kayan gyaran Japan suka yi tsada, daga baya kuma baburan Sin da na Indiya suka cika kasuwa da araha. Daga nan aka riƙa jingine tsofaffin saboda 'yar matsalar da ba ta kai ta kawo ba. Yau 'yan gwangwan ne ke bi gida-gida suna sayensu a kan sikeli, kuma abin yana ci mini rai, don yawancinsu ba mutuwa suka yi ba.

Na ɗauki CG 125 ne saboda dalili. A 1974 kamfanin Honda ya tura mutanensa ƙasashe irin su Tailan da Indonesiya da Pakistan su ga yadda talaka ke aiki da babur. Suka tarar ana ɗora masa iyali da kaya, ana barin baƙin mai har ya zama kwalta ba a canza ba. Sai suka zana inji mai sauƙi, mai silinda ɗaya, wanda sanduna biyu ke tura bawul ɗinsa daga ƙasa, ba tare da sarƙar cikin inji ba, aka fito da shi a 1975. Shi ya sa yake jure wahala, shi ya sa kuma kamfanonin Sin suka kwafe shi. Wannan kwafin ya amfane mu, don kayansa na nan a kasuwa. Yana kuma da tarko, zan zo kansa.

Kafin ka taɓa sifana

Fara da maganar mallaka. In babur na marigayi ne, to dukiyar gado ce, ko da tsatsa ta cinye shi. Ka zauna da magada, a yi masa kuɗi, a saka a rabonka ko ka biya, a gaban shaidu. Babur da kowa ya raina yana jingine, ranar da ya fito yana ƙyalli kowa zai tuna yana da haƙƙi a ciki. In kuma saye za ka yi a hannun dattijo, kada ka fara da tayi. Ka gaishe shi, ka ce, "Baba, ina so in tayar da shi ne in hau, ba 'yan ƙarfe zan kai wa ba." Sau da yawa wannan kalmar ta fi kuɗi tasiri, kuma za ka ga ya shiga ɗaki ya fito maka da makulli na asali da takardu a tsohuwar leda.

Duba lambar shasi a wuyan babur, da lambar inji a gefen hagu ta ƙasa, ka gwada su da abin da ke cikin kartigiris, wato katin rajistar babur. A rubuta takardar ciniki a buga mata hatimin hukuma. Babur da yawa a yankinmu ta kan iyaka suka shigo, daga Mubi ko Yola, saboda haka ka nemi takardar duwan, wato kwastan, in akwai. In lambar wuya ta nuna alamar an goge an sake bugawa, ka haƙura da shi.

Sannan ka tsaya ta baya ka hango ko tayar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya. Ka duba wuya da ƙarƙashin inji ko akwai tsaga ko tsohuwar walda. Inji kowane iri ne ana gyara shi, amma shasin da ya karye a wuya aka lanƙwasa aka liƙe, ba na ba kowa shawarar ya ɗora ransa a kai.

Kada ka buga kik

Kowa in ya ga tsohon babur ƙafarsa kan yi ƙaiƙayi. Ka daure. Fistan ya shekara da shekaru a bushe, ringi sun manne da bangon silinda, bugu ɗaya da ƙarfi zai iya karya su ya kuma karce bangon.

Wanke babur da ruwa da sabulu bayan ka toshe bakin salansa da na kafireta. Ɗauki hotonsa da waya ta kowane gefe, musamman hanyar da wayoyi da kebul suka bi, don nan da wata biyu ba za ka tuna ba. Tanadi gwangwanayen madara ko na tumatir, kowane sashe da gwangwaninsa, a rubuta suna a jiki. Leƙa cikin salansa da akwatin iska da tocila: zanzaro na son gina ɗakinsa na laka a nan, ɓeraye kuma kan yi sheƙa da soson matatar iska. Lakar zanzaro in ta faɗa cikin inji ta zama yashi.

Yanzu cire buji, wato fulogi, ka zuba cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin, ka bar shi ya kwana. Washegari ka danna kik da hannu, sannu a hankali. In ya juya, ka gode wa Allah. In ya ƙi, zuba kananzir gauraye da baƙin mai, ka bar shi kwanaki, kullum ka saka giyar ƙarshe ka ɗan tura babur gaba da baya. Ba guduma, ba tsalle a kan kik.

Tsiyaye tsohon mai a faranti mai haske ka karanta shi a rana. In ya yi fari-fari ruwa ya shiga, abin da ke yawan samun baburan unguwannin bakin Binuwai da ambaliya ta taɓa shafa. In ka ga ƙyalli na garin ƙarfe, akwai abin da ke cin kansa a ciki. Babban notin da ke gefen hagu a ƙasa yana da sifirin da 'yar rariya a bayansa, ka wanke ta. Akwai kuma matata ta biyu da yawancin mutane ba su san da ita ba. Tana bayan murfin dama, a bakin kiranshaf, 'yar kwano ce mai murfi da sukurori uku, wadda ke juyawa tana wurga datti jikin bangonta. A tsohon babur za ka tarar da ita cike da baƙin abu mai tauri. Kankare shi tas, ka saka sabon fakin, wato takardar da ke hana mai yoyo, a murfin. Wanda ya tsallake wannan ya zuba sabon mai, rabin aiki ya yi.

Matsi, wuta, fetur

Abu uku inji ke bukata, kuma a gwada su kafin a kwance komai.

Matsi: toshe ramin buji da babban yatsa, wani ya danna kik. In iska ta ture yatsan da ƙarfi, akwai fata. In ba ta ture ba, kada ka yi saurin zargin fistan, don sau da yawa bawul ne ya matse. Buɗe murfin saman inji da na hagu, ka juya maganadisun har alamar T ta daidaita da tsagar da ke jikin inji, a zagayen da bawul biyun suke rufe, hannayensu na ɗan motsi. Tazarar kowanne milimita 0.08 ce, inji na sanyi. Sayi ma'aunin tazara, 'yan siraran wuƙaƙen nan masu lamba, kada ka dogara da kunne. Bawul da aka daidaita yana 'yar ƙara siririya kamar keken ɗinki. Wanda ya yi tsit gaba ɗaya ya matse ne, kuma a zafin Garwa na watan Maris da Afrilu zai ƙone.

Wuta: saka sabon buji a hularsa, ka jingina shi da jikin inji, a buga kik. Kana son tartsatsi shuɗi mai ƙarfi. Tazarar bakin buji milimita 0.6 zuwa 0.7. Na farko-farkon CG suna da kwantak, wato 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa don ba da tartsatsi, da wuta mai bolt 6, na baya suna da CDI, 'yar akwatin lantarki da ta maye gurbin kwantak, da bolt 12. In naka mai kwantak ne, goge fuskokinsa da samfefa mai laushi, ka ratsa farar takarda a tsakani ta kwashe maiƙo, ka sa tazara 0.3 zuwa 0.4, kuma ya fara buɗewa daidai lokacin da alamar F ta zo kan tsaga. Wuta ja mai rauni yawanci kwandansa ce ko tsatsa a wurin da kwayil ya haɗu da shasi.

Fetur shi ne mai dogon aiki. Cire tanki, ka kwance famfon mai, ka leƙa ciki. In tsatsa ce sama-sama, zuba kananzir da tafin hannu na ƙananan notuna, ka ƙirga su kafin ka zuba, ka girgiza har hannu ya gaji, ka juye, ka sake ƙirgawa. In ta yi kauri, wanke maiƙon da sabulu, ka cika tankin da ruwan khal na kanti ya kwana ya wuni. Bayan ka zubar, ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, sannan ruwa mai kyau, ka shanya shi a rana baki buɗe, ka zagaya cikinsa da ɗan fetur mai baƙin mai a ranar, in ba haka ba sabuwar tsatsa za ta kama kafin gari ya waye. In tankin ya huje, kada ka yarda mai walda ya kusanto da wuta sai an wanke shi sosai an cika shi da ruwa har kusa da ramin. Tankin da ba komai a ciki sai tururin fetur shi ne ke fashewa. Tunda kuma yawancinmu zuwa-zuwa muke saya, wato fetur ɗin kwalba na bakin titi, saka 'yar matatar roba tsakanin famfo da kafireta, ka riƙa tacewa da tsumma in ana zuba maka.

Kafiretar asali Keihin ce, sunan na jikinta. A nan ne tarkon da na ambata yake. Za a ce maka ka jefar da ita ka sayi sabuwa, ga ta nan da araha. Araha ba ta ado. Ramukan jet na sabuwar, wato 'yan sukurorin da fetur ke bi ta cikinsu, sau da yawa ba daidai suke da lambar da aka buga musu ba, sai ka yi ta fama da silo, wato aikin inji a tsaye ba a murɗa totur ba. Tsohuwar wanki kawai take so. Kafin ka cire sukurun silo, murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya tsaya, ka rubuta, don ka mayar da shi yadda yake. Jiƙa jet-jet ɗin a fetur, ka busa su da famfon taya, ka ɗaga su a rana ka ga haske ya ratsa. Kada ka tsokane su da allura, tagulla ce, ramin zai faɗaɗa. In ya toshe ƙam, yi aiki da silin waya ɗaya na jan ƙarfe mai laushi. Girgiza fulot kusa da kunne, in ka ji ruwa a ciki ya huje. Abin da za ka canza shi ne allurar fulot da robobi. Soson matatar iska kuwa sabo za ka yanka, ka jiƙa shi da baƙin mai ka matse. Da ƙurar hunturu irin tamu, babur da ba shi da wannan soso yana cin silindarsa ne a kowace tafiya.

In abu ukun nan sun samu, zuba sabon mai 20W-50 na babur, kusan lita ɗaya. Ana auna shi babur na tsaye daidai, a ɗora sandar awon a bakin ramin ba tare da an murɗa ta ba. Buga kik sau da yawa ba buji don mai ya zagaya, sannan ka mayar da buji, ka ja cok, ka tayar. Da ya tashi, leƙa saman inji ka tabbata mai na isowa wurin bawul.

Sai in ya kama a buɗe inji

Saurara. Hayaƙi na mintunan farko ba komai, man da ka zuba ne ke ƙonewa. Shuɗin hayaƙin da ya ƙi tsayawa bayan inji ya yi zafi, ringi ne ko robobin bawul. Ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasa, boris ɗin kiranshaf ne, wannan kuma aikin tsohon bakanike ne mai kayan aiki, ba na yaran gareji ba. In babu ko ɗaya, ka bar injin a rufe. Hannun da ya haɗa shi a masana'anta ya fi namu.

In za a buɗe sama, sassauta notunan kai a gicciye, kaɗan-kaɗan. Da ka ɗaga silinda, cusa tsumma mai tsabta a bakin inji kafin ka taɓa kilif ɗin fin, don in ya faɗa ciki sai an raba inji biyu. Faɗin silindar asali milimita 56.5 ne. Ja farce a bangonta: in ya maƙale a wani zane ko a gaɓar sama, sai an kai ta wurin masu bora. Ana ƙara faɗi mataki-mataki, 0.25, 0.50, 0.75, 1.00. Ka dage a kan mafi ƙanƙantar matakin da zai share zanen, don ka bar wa gaba wuri. Sayi fistan tukuna ka kai tare da silindar, a yi borar daidai da shi. Wajen mayarwa, alamar IN da ke kan fistan tana fuskantar kafireta, rubutun da ke jikin ringi yana kallon sama, bakunan ringi kuma a rarraba su kada su hau layi ɗaya. Kilif sabo, fakin sabo.

Bawul kuwa, kifa kan injin ka zuba fetur a ramukan shiga da fita. In ya tsatso ta gefen bawul, a niƙa shi da man niƙa har zoben ya fito toka-toka ba yankewa. Gangara sandunan turawa a kan gilashi, mai lanƙwasa zai nuna kansa.

Duk kayan da za ka saya, tafi da tsohon a hannu ka gwada, ko a kasuwar Garwa ne ko ka aika Mubi ko Jimeta. Kwafin CG iri-iri ne, kama ce kawai, tsawon sanda ko girman fin na iya bambanta. In ka samu tsohon kayan Japan mai lafiya a wurin masu kwance babura, ya fi sabo na cikin kwali. Da tsohuwar zuma ake magani. Masu cewa a sauke injin gaba ɗaya a ɗora na Sin, ban bi su ba. Lambar inji ta saɓa da takarda, muryar da kake nema kuma ta tafi.

Ƙafafu, birki da waya

Nan ne rai yake, ko da ba nan ido ke zuwa ba. Takalman birki a canza su ko da sun yi kauri, don gam ɗin da ya riƙe fatar yana sakewa da tsufa, ta ɓalle ta kulle taya ana cikin gudu. Kada ka busa ƙurar cikin kwanon birki da baki, tsofaffin fatu na iya ƙunsar asbestos mai lahani ga huhu, goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. Taya ma haka: a gefenta akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In lamba uku ce, an yi ta kafin shekarar 2000. Zane na iya zama sabo fil roba ta bushe. Canza taya da tub da ɗamarar cikin wili.

Kaɗa wayoyin wili ɗaya-ɗaya da sifana, mai sako-sako ba ya ƙara. Boris na wuya 'yan ƙwallaye ne a sake, shimfiɗa zane a ƙasa kafin ka kwance, ka ƙirga na sama da na ƙasa daban, ka mayar da sabon giris. Canza man shokozoban gaba da robobinsa. Sarƙa da haƙoranta na gaba da na baya tare ake canza su. Kilif ɗin sarƙa, rufaffen kansa ke fuskantar inda sarƙa ta nufa, a bar mata wasa kusan santimita 2 a tsakiya.

Wayoyi, bi su da hannu ɗaya bayan ɗaya, ka yanke duk inda aka ƙulla da leda ka haɗa da darma. Ka san bolt ɗin babur ɗinka kafin ka sayi batir da ƙwan fitila. Mai tafiyar dare in ya mayar da bolt 6 zuwa 12 ban ga laifinsa ba, amma ya adana tsofaffin kayan a kwali.

Fenti a ƙarshe

Mutane da yawa da fenti suke farawa, kuɗi su ƙare, a sake jingine babur yana ƙyalli ba ya tashi. Sai ya yi tafiya lafiya sannan a yi maganar kwalliya. Ko a nan ma ka yi tunani sau biyu. In fentin asali na nan ya dusashe kawai, man goge fenti da haƙuri za su dawo da shi, zanen gefen tanki kuwa ba mai fentin da zai maido maka shi yadda yake. Wurin da gwiwar mahaifinka ta goge har ya koɗe, ni dai ba zan rufe shi ba.

In dole ne, nemi launin asali a ƙarƙashin tanki ko bayan murfin gefe inda rana ba ta taɓa ba, a haɗa fenti a kansa. A kankare tsatsa har ƙarfe, a sa fentin ƙasa, a fesa da safe ranar da ba iska, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura, kada a yi cikin hazon hunturu. A rufe lambar shasi da salatif. Ƙarfe mai ƙyalli, irin madigadi da salansa, goge shi da takardar alminiyam da ruwa, ba samfefa ba. Tambarin tanki a cire a hankali a mayar. Sirdi a kai wa maɗinki da tsohuwar rigar don ya kwaikwayi ɗinkin, a bar farantin ƙarfen asali.

Kafin ka hau titi, kammala kartigiris da inshora, ka sa hular kwano. In an yi bora, kilomita 500 na farko a tafi da shi a hankali: kada ka wuce rabin totur, kada ka tsaya a gudu ɗaya, kada ka ɗauki buhu, kada kuma ka bar shi yana silo a tsaye cikin rana, don iska ce ke sanyaya shi. Hanyar Pitowa da sassafe ta isa gwaji. Bayan nan canza mai, wanke rariya, sake auna bawul, bi notuna duka ka ƙara ɗaurewa, ka cire buji ka duba bakinsa. Ruwan ƙasa shi ne daidai. Baƙi mai toka, fetur ya yi yawa ko soso ya toshe. Fari fat, fetur ya yi kaɗan ko iska na shiga ta robar kafireta, ka gyara wannan kafin ka yi doguwar tafiya.

Wanda nasa Suzuki ko Yamaha ne mai hayaƙi, duk abin da na faɗa kan tanki da kafireta da birki da fenti ya shafe shi, sai dai ba shi da bawul ɗin aunawa. Nasa aikin shi ne robobin gefen kiranshaf, waɗanda ke bushewa in babur ya daɗe a ajiye, da ƙone baƙin da ya toshe salansa, da fitar da iska daga famfon man haɗi. Har sai ya tabbata famfon na turawa, ya gauraya ɗan man 2T a tankin farko.